Wa Zai Jira Wa a Bakin Rijiya? Amsa kan Ladubban Hawan Dogon Zango

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Likita. Mu matasa ne masu dawakai a ƙasar Ringim. Mun saba fita kilisa da yamma, yanzu kuma muna so mu fara hawan dogon zango irin wanda muke gani a waya ana yi a Dubai da Amurka. Mun gwada, aka dawo ba a ga-maciji. A bakin wata rijiya biyu daga cikinmu suka shayar da nasu suka zabura, dokin na ukun ya ɗaga kai ya ƙi shan ruwa, can gaba ya gaza. Su sun ce ai tsere ne, ba wanda ya ajiye wani. Shin akwai ladubban da ake bi? Kuma da gaske ne a can masu gasa suna jiran juna?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku da dabbobinku. Gaskiya ne suna jiran juna, kuma a bakin ruwa aka fi ganin haka. 'Yan'uwanka biyu ba su karya wata rubutacciyar doka ba, amma sun yi abin da mahayan dogon zango a ko'ina suke ɗauka abin kunya, irin wanda ake daɗewa ana tuna wa mutum.

Dalilin yana jikin dokin. Doki dabbar garke ne, Allah ya halicce shi da tsoron a bar shi shi kaɗai a daji. Ko ƙishirwa za ta kashe shi, da zarar ya ji kofaton 'yan'uwansa na nisa zai cire baki daga ruwa, ya miƙe kunnuwa, ya fara haniniya yana zagaya mai shi. Ba bulalar da za ta mayar da bakinsa cikin bokitin nan. Shi kuwa dokin da ke aiki a zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a sa'a guda, kuma gumin doki ɗauke yake da gishiri fiye da na mutum. Wanda ya rasa sha a wannan rijiyar, da wannan giɓin zai tafi har rijiya ta gaba. Daga nan hanji yake fara yin sanyi, bugun zuciya ya ƙi sauka, ciwon ciki ya biyo baya. Saboda haka mutumin da ya zabura alhali dokin wani yana sha, ya san ko bai sani ba, hannunsa na cikin gazawar wannan dokin. Abin da ake yi shi ne ka ja naka gefe ka tsaya, in ya so ka tambaya: "Ya ƙoshi? Mu tafi?" In ya ce ka tafi, ka fita da tafiyar ƙafa, sai ka ba da tazara sannan ka ƙara sauri. Duka-duka minti biyu ko uku ne, a tafiyar da za ta ci wuni.

Na ga kamar tushen rigimarku shi ne kun ɗauko zuciyar sukuwa kun kawo ta inda ba wurinta ba. A sukuwa, daga tashi zuwa isa 'yan mintuna ne, kowa tasa ta fisshe shi, kuma ba laifi. Dogon zango wani abu ne daban. Gasar da aka fi jingina asalin wasan na zamani gare ta ita ce Tevis, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda wani mutum mai suna Wendell Robie ya fara a 1955: mil 100, wato kilomita 160, ta cikin duwatsu, a cikin sa'o'i 24, da doki ɗaya. Har yau kusan rabin waɗanda suka tashi ne kawai suke kaiwa ƙarshe. Ostareliya ta fara tata, Tom Quilty, a 1966. Ƙungiyar mahayan dogon zango ta Amurka, wadda aka kafa a 1972, takenta ma cewa yake kammalawa ita ce nasara. A duk waɗannan gasanni an raba hanya zango-zango, a kowane zango likitocin dabbobi na jira. A ƙa'idar hukumar wasannin dawakai ta duniya, FEI, sai bugun zuciyar dokin ya sauko zuwa 64 a minti cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade, a duba dasashinsa, a saurari cikinsa, a sa a ja shi da sassarfa a ga ko yana ɗingishi. In ya faɗi ɗaya, an cire shi, ko da shi ne a gaba. Har bayan an tsallake layin ƙarshe sai an sake dubawa, kuma an sha ganin wanda ya riga kowa isowa ya tashi a tutar babu.

To ka ga, wasan da aka gina a haka dole ya sauya halin masu yinsa. Abokin karawarka na gaskiya shi ne nisa da rana da ƙishirwa, kuma mutumin da ke gefenka yana fama da su daidai da kai. Dawakai biyu da tafiyarsu ta zo ɗaya sun fi doki ɗaya nisa, domin suna jan juna, in wannan ya yi sanyi wancan ya shige gaba, suna sha tare, suna cin ciyawa tare. Shi ya sa za ka ga mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sun jera kilomita hamsin, sai an kusa isa sannan su ce to, yanzu kowa ya gwada nasa. Ba wai sun fi mu kirki ba ne. Lissafi ne ya kai su, daga baya ya zama ɗabi'a.

Game da Dubai da kuke kallo, ku yi hattara da abin da za ku kwaikwaya. Can hanya ce shimfiɗaɗɗiya a sahara, motoci na bin dawakai ana miƙa gorunan ruwa, ga gudu na fitar hankali. Gudun ya jawo karaya da mutuwar dawakai har FEI ta dakatar da hukumar wasan ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2015. Ku ba ku da motocin, ba ku da ƙanƙarar da suke sanyaya dawakai da ita, kuma mafi yawanku doki ɗaya ne da ku a turke.

Sai batun wucewa, wanda bayan ruwa shi ne ya fi haddasa faɗa. Doki yana gani kusan ko'ina a kewayensa, ban da daidai bayan wutsiyarsa. Abin da ya taho masa ta nan da gudu ba tare da sanarwa ba, a wurinsa abin tsoro ne: ko ya yi harbi, ko ya zabura, ko ya ɗauka tsere aka fara. Saboda haka tun kana nesa za ka rage sauri ka ɗaga murya, "Gafara dai, zan wuce ta dama," ka jira amsa. In hanyar ta matse, misali tsakanin shingen gonaki biyu, ko kan gaɓar kogi, ko kan kunyar da ta raba fadamu, ka haƙura har a fito fili. Shi kuma na gaba haƙƙi ne a kansa ya nemi wuri ya raɓe da zarar ya samu, ya juyo da kan dokinsa wajen hanya, ƙugun ya kalli daji. Tare hanya da gangan don kada a wuce ka ƙaranta ce. In ka wuce, kada ka yanko gabansa nan take ka watsa masa ƙasa a fuska, kuma kada ka wuce sannan ka rage gudu. Wannan na ƙarshen ya fi komai cin rai: mutum ya wuce ka, ya koma tafiyar hawainiya, ka wuce shi, ya sake zaburowa. Ana yin haka sau uku dawakan biyu sun haukace, sun ƙone ƙarfin da za su buƙata da la'asar.

A nan akwai wani abu namu da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba, wato girma. Mun taso a hawan sallah, inda jerin dawakai jerin daraja ne. Yaro ba ya shiga gaban hakimi, ƙane ba ya shan gaban wansa, kowa ya san gurbinsa tun daga ƙofar fada. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ba na so a taɓa ta. Amma in kuka ɗauke ta kuka kai hanyar kilomita arba'in ba tare da kun yi magana ba, za ta cuci dawakai. Na sha ganin saurayi da doki mai dogon taku ya maƙale a bayan dattijo mai gajeren doki, yana ta jan linzami har bakin dabbar ya fashe, don kunya ta hana shi wucewa. Na kuma ga akasin haka, babba ya ga yaro zai wuce shi ya sa kaimi don kada a ce an bar shi a baya, ya kashe dokinsa da gajiya a kan abin da bai kai ya kawo ba. Maganin abin a bakin manya yake. Kafin a tashi, wanda ya fi kowa shekaru ko sarauta a cikinku shi zai faɗa da kansa, kowa na ji, cewa yau a kan hanya dokin kowa ya yi tafiyarsa, wanda zai wuce ya wuce. In ya faɗa, an sauke wa yara nauyi. Su kuma yaran ba a sauke musu ladabi ba: "Ranka ya daɗe, a ba ni izini," a ɗan sunkuya, a wuce a hankali. In an iso masauki, girma ya koma inda yake, yaro ya sauka ya kama wa babba likkafa.

Wani bambancin kuma, a can yawancin dawakan wannan wasa goɗiyoyi ne da waɗanda aka yi wa fiɗiya. Ingarma kaɗan ne, har ana ɗaura masa ƙyalle a wutsiya don a san da shi. Mu kuwa kusan duk abin da muke hawa ingarma ne, ga cizo, ga harbi, ga neman faɗa. Saboda haka tazarar da suke cewa a bari, tsawon doki ɗaya, ba ta ishe mu ba. Ma'aunin da nake ba yara shi ne, ka duba ta tsakanin kunnuwan dokinka, in ba ka hango kofatan bayan na gabanka ba, ka matso da yawa, ka ja baya, sannan ka ƙara kaɗan a kan haka. Kada ka mai da ƙugun dokin wani birkinka. In naka ba ya tsayuwa sai ya daki na gaba, bai isa fita cikin jama'a ba tukuna, a koma horo. Al'adar ƙyallen nan kuwa ku ɗauke ta, ba ta cin kuɗi: ja a wutsiya yana nufin wannan dokin yana harbi, kore yana nufin sabon shiga ne, a yi masa uzuri. Na san wani zai ce ɗaura jan ƙyalle tona asirin dokinsa ne, musamman in yana shirin kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. To ya zaɓa, ko ƙyalle ko ya biya kuɗin ɗaurin ƙafar ɗan'uwansa. Kuma ƙyallen ba lasisi ba ne. Mai doki mai harbi shi ne zai riƙa neman bayan sahu, ya kauce wa cunkoso a bakin ruwa. In akwai goɗiya a tafiyar, a sanar tun a gida.

Na gaba shi ne idon na baya. In ka ga rami, ko kututturen kara da aka sare ya yi tsini, ko igiyar turken wani, ko tiyon ban ruwa kwance a hanya, ka faɗa da ƙarfi, na bayanka ya miƙa wa na bayansa. Na baya kuma shi ne idon na gaba, kuma wannan ne zumuncin da ya fi kowanne amfani a wurina. Mahayi ba ya ganin ƙafafun dokinsa. Kai da ke biye da shi kai ne za ka ga ƙugu ɗaya yana faɗawa fiye da ɗaya, ko majayi ya yi sako-sako, ko jalala ta zame, ko dokin ya tsaya fitsari ya fito baƙi-baƙi kamar shayin da ya daɗe a kan wuta. Wannan fitsarin alama ce tsoka ta fara lalacewa, kuma dokin da ya yi shi ba a ƙara masa taku ɗaya, a sauka a nemi likita. Faɗin irin wannan yana da nauyi, don mai doki ya fi yarda a zage shi da a kushe dabbarsa. Ka matso kusa, ka rage murya, kada ka yi shela: "Yaya, kamar ƙafar hagu ta baya ba ta sauka daidai, ko za mu tsaya mu duba?" Wanda aka gaya wa kuma ya ce na gode, ya sauka ya duba, ko da yana zargin so ake a rage masa gudu. In ƙarya ce ya yi asarar minti ɗaya.

Ku koyi duba wa juna dawakai, tunda ba kullum za ku samu likita ba. Sa yatsu uku a ƙarƙashin muƙamuƙi, daidai inda ƙashin ya lanƙwasa, za ka ji wata jijiya tana motsi a ƙarƙashin fata. Danna ta a hankali, wani ya riƙe waya ya ƙirga daƙiƙa 15, abin da ka samu ka ninka sau huɗu. Sha shida ya zama 64 ke nan. Dokin da ke hutawa a barga bugunsa yana tsakanin 28 da 44. In an tsaya an huta minti ashirin zuwa talatin bai sauko 64 ba, tafiyarsa ta ƙare a nan. Ɗaga leɓen sama ka danna dasashi da babban yatsa, wurin zai yi fari, ya kamata jan ya dawo kafin daƙiƙa biyu. Tsunkuli fatar kafaɗa ka saki, in ta tsaya a tattare ruwan jiki ya yi ƙasa. Ku sa ya zama wani ne yake duba dokin wani, don mai abu ba ya ganin laifin abinsa. Kuma a nan ne zumunci yake da iyaka: rufa wa aboki asiri a bar gurgun doki ya ci gaba ba abota ba ce.

Tunda mun koma kan ruwa, bari in taɓa wata tsohuwar magana ta barga, cewa ba a ba doki ruwa yana cikin gumi. A tafiyar dogon zango wannan maganar tana kashe dawakai. Dokin da zai ci gaba da tafiya a bar shi ya sha a duk inda aka samu ruwa mai kyau. Haka zuba masa ruwan sanyi a jiki, binciken da aka yi saboda zafin garin Atlanta gabanin wasannin Olamfik na 1996 ya nuna ba ya cutarwa, shi ne ma hanya mafi sauri ta sauke zafin jiki. Sai dai linzaminmu na gargajiya yana da nauyi a baki, wasu dawakan ba sa sakin jiki su sha da shi. Ku bar ragama a ƙarƙashinsa, a bakin ruwa a zare linzamin, wani ya riƙe wa wani. Gishiri ko kanwa kuma sai bayan dokin ya sha, ba a ɗura wa mai ƙishirwa. Kada kowa ya tsoma tsumman da ya goge gumi a cikin ruwan da wani dokin zai sha, ɗanɗanon gumin kaɗai ya isa ya sa ya ƙi. Kowa ya zo da bokitinsa. Dokin da ke tari ko majina ya zauna a gida, komai son mai shi da tafiyar, domin murar dawakai da ta ɓarke a yankin Sakkwato da Nijar daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 ta nuna mana yadda irin wannan cuta take gudu, jakuna masu yawa suka mutu.

In wani ya faɗi, gasa ta tsaya ga duk wanda ke kusa. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da mutane suke kuskurewa shi ne dokin da ya kuɓuce: kada a bi shi da sukuwa, ƙara masa gudu za a yi, ya faɗa kwalta ko gonar wani. Kowa ya tsaya cak, sau da yawa da kansa zai dawo cikin 'yan'uwansa. Haka in mutum ya sauka gyara sirdi ko kama ruwa, ɗaya ya tsaya da shi har ya hau ya daidaita ƙafafunsa a likkafa. Lokacin sallah a yi ta kashi biyu, wasu na riƙe da dawakai.

Akwai kuma zumuncin da yake zama takura. Wani in ya liƙe maka ba zai bar ka ba, dokinsa na bin wutsiyar naka tun safe, bai taɓa karɓar gaba ya ja ba, sai an hango gari ya fito ya wuce. Wani kuma surutu, kai kana lissafin numfashin dokinka shi yana ba ka labarin siyasa. Tambaya ɗaya ta raba gardama: "In jera da kai, ko ka fi son kai kaɗai?" Wanda ya ce shi kaɗai yake so kada a riƙe shi a zuci, wataƙila dokinsa ne ba ya nutsuwa a cikin jama'a. Masu sa waƙa a lasifikar waya, da masu haska fitila a idon dawakai in duhu ya yi, su ma a ja musu kunne.

Duk wannan tsakaninku ne. Wanda ya fi shi girma, kuma wanda zai yanke ko za ku sake yin hawan nan ko ba za ku sake ba, shi ne tsakaninku da mutanen da za ku ratsa. A Amurka hanyoyin nan yawanci cikin gandun daji suke, mutum zai yi sa'a bai ga gida ba. A ƙasar Ringim ko Taura ko Jahun ba taku goma da za ka yi ba a kan abin wani ba. Hanyar ta manomi ce da mai amalanke da yarinya mai tallan fura da makiyayi, ku baƙi ne a kanta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mahayi shi ne zai yi wa mai tafiya a ƙasa sallama. Wanda ke sama shi aka ɗora wa fara gaisuwa, kuma duk ladabin ratsa ƙauye daga nan ya taso. Tun kafin gidan farko ku sauko zuwa tafiyar ƙafa, ku jeru ɗaya bayan ɗaya, har ku wuce gidan ƙarshe. Yara za su fito da gudu, wannan tabbas ne, wasu har ƙarƙashin dawakai. A bakin hanya akwai shanyar barkono da kuɓewa da zoɓo, ƙurar dawakai goma a guje ta isa ta ɓata wa mace aikin mako. In kun iske majalisar dattawa a gindin bishiya, jagoranku ya sauka ya gaisa. Kusa da maƙabarta da masallaci ba a hayaniya.

Da damina ban ba ku shawarar wannan hawa ba sam, hanyoyi sun matse, shuka ta zo har bakin turba, doki kuwa ba ya wuce dawa mai ɗanyen ganye bai kai baki ba. Da kaka ma a kula. Wanda ya san riɗi ya san yadda ake tsayar da dammunansa a gona su bushe, kawunan sun buɗe, ƙugun doki ɗaya ya goga ya zubar da rabin mudu a ƙasa. Harawar da kuka gani a kan bishiya ko a kan rumfa kuɗi ce, a saya, kada a fizga. A fadamun Kogin Haɗeja da rani akwai albasa da tumatir da alkama, kunyoyin ban ruwa kuma da hannu aka ɗaga su, kofato ɗaya yana fasa su. In kun bi burtali kuka haɗu da shanu, ku tsaya gefe ɗaya ku gaisa da makiyayin, ku bar shi ya kaɗa su. Ba a ratsa tsakiyar garke, balle in akwai saniya mai sabon maraƙi. Can wajen Gumel da Maigatari kuma za ku haɗu da raƙuma, dokin da bai saba da su ba yana iya tutsu tun daga warinsu, saboda haka a sa wanda ya saba a gaba.

Rijiya kuwa, wadda rigimarku ta faro daga bakinta, kafin ta zama matsalarku ta mutanen garin ce. Ka yi lissafi: dawakai goma, kowanne ya sha bokiti ɗaya ko biyu, a zuba masa wasu a jiki. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma rijiyoyi sun ja baya, wannan ruwan gidaje da yawa ne. Ba daidai ba ne ku iske mata da yara a layi tun asuba, ku kutsa da dawakai don kuna sauri. Ku tura mutum kwana biyu kafin ranar ya ga mai unguwa, a yi ciniki da mai amalanke ya ajiye muku duro biyu ko uku a gindin wata inuwa nesa kaɗan da rijiyar. Kun huta da layi, wani ya samu na cefane, ba a kuma yi caɓi a inda mutane ke ɗiban na sha ba. Dagatan garuruwan da za ku bi da hakimi da jami'an tsaro su san da zuwanku. A zamanin nan ayarin baƙin mahaya da ya ɓullo daga daji ba sanarwa yana iya tayar da hankalin gari. Ku kuma haɗa ɗan kuɗi a hannun mutum ɗaya, in an yi ɓarna a biya a wurin, kafin magana ta kai gaban dagaci.

A hadisi an ce in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ku yi haka, kuma ku ƙara da mutum na biyu wanda aikinsa shi ne zama a ƙarshen sahu, mai doki mai sanyin hali, da waya mai caji, da lambar mai motar da za ta iya ɗaukar doki. Ba ya wuce kowa, ba ya shiga gari sai kowa ya shiga. A fara da kilomita 30 zuwa 40 a cikin sanyin Disamba ko Janairu, a tashi bayan sallar asuba, a riƙe matsakaicin saurin kilomita 10 zuwa 12 a sa'a, a rage a inda rairayi ya yi zurfi don yana cin jijiyoyin ƙafa, a rage a kan burji don dawakanmu ba takalmi.

Su 'yan'uwanka biyu, kada a mayar da abin gaba. Ba su sani ba ne, kuma ba wanda ya kafa sharaɗi kafin a tashi. Su je su duba dokin da ya gaza, su tafi da ɗan damin harawa, magana ta wuce. A hawa na gaba a karanta sharuɗɗan a gaban kowa.

In za ku sa kyauta, ku raba ta biyu. A Tevis, ban da kofin wanda ya fara isowa, akwai kofin Haggin da ake bai wa dokin da ya fi kowanne lafiya a cikin goman farko, kuma sai washegari ake duba su a yanke hukunci. Masu abin da yawa sun fi ganin girman wannan kofin. Ku ma ku yi haka gwargwadon hali: sa'a ɗaya bayan isowa a fito da dawakan ba sirdi, a ƙirga bugun zuciya, a shafa gadon baya a ga ko akwai kumburi ko gyambo, a duba gefen baki da wurin kaimi, a ja kowanne da sassarfa ya je ya dawo. Alƙalin ya zama likitan dabbobi ko wani tsohon shamaki wanda ba shi da doki a cikin tafiyar, kuma kyautar wannan ɓangaren ta fi ta na ɗaya tsoka.